Mu Zaga Birnin Tokiyo: Lambunan Hakimai da Gidajen Ajiyar Zane

In aka ambaci ƙasar Japan, abin da yakan fara faɗo mana a rai shi ne mota da babur da rediyo, gama da wuya a sami gidan da bai taɓa amfani da wani abu na ƙirar mutanen nan ba. Amma suna da wata dukiya dabam wadda ba a lodinta a jirgin ruwa a kawo mana kasuwa, wato tsofaffin lambunansu da gidajen da suke ajiye zane-zane da sassaƙe-sassaƙen kakanninsu. A wannan wata muna so mu ɗauki iyalin gida duka, uba da uwa da yara, mu zaga da su Tokiyo, babban birnin ƙasar, ko da yake a kan takarda za mu yi tafiyar.

Mutanen da suke zaune a Tokiyo sun kai wajen miliyan 14. In an haɗa da garuruwan da suka manne mata, sun kai wajen miliyan 37. Fili yana da tsada ƙwarai, har iyali guda sukan matsu cikin 'yan ɗakuna biyu ko uku. Duk da haka a tsakiyar wannan cunkoso akwai manyan lambuna da ba wanda ya isa ya yanki ko taku ɗaya a ciki ya gina kanti. Me ya sa mutanen da suke ƙishin fili haka suka bar wa itatuwa da tafkuna wuri? Amsar tana cikin tarihin birnin.

Birnin da ya sha gobara

A dā sunan garin Edo ne. A shekarar 1603 wani jarumi mai suna Tokugawa Iyeyasu ya zama Shogun, wato sarkin yaƙi mai riƙe da mulkin ƙasa duka, ya mai da Edo mazauninsa. Zuriyarsa ta yi mulki har 1868, sa'ad da aka mayar da iko hannun babban sarki, aka sāke wa garin suna ya zama Tokiyo.

Gidajen Edo na katako ne da takarda, wuta kuwa ba ta da abinci kamar wannan. A 1657 gobara ta cinye yawancin birnin. Ran 1 ga Satumba 1923 girgizar ƙasa ta auku da tsakar rana, lokacin da mata suke dafa abinci, wuta ta kama ko'ina, mutum fiye da 100,000 suka hallaka. Sa'an nan a daren 10 ga Maris 1945, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen saman Amurka suka zuba wa birnin bama-bamai masu cin wuta, mutum wajen 100,000 suka mutu a dare ɗaya. Saboda haka duk wani tsohon abu da za mu gani yau a Tokiyo, akwai wanda ya ɗauke shi ya gudu da shi, ko ya ɓoye shi, ko kuwa ya sāke gina shi daga toka. Mu riƙe wannan a zuciya sa'ad da muke zagawa.

Asalin lambunan

A 1635 Shogun ya kafa wa hakiman ƙasar doka, su kuwa sun fi 250. Kowane hakimi zai yi shekara guda a ƙasarsa, shekara guda a Edo, uwargidansa da magajinsa kuwa su zauna a Edo kullum, kamar jingina, domin kada ya yi tunanin tawaye. Da yake dole ne su zauna, sai hakiman suka gina manyan gidaje, kowa yana so lambunsa ya fi na ɗan'uwansa kyau, gama a can ne akan karɓi manyan baƙi, har da Shogun kansa.

Lambun Japan ba irin namu na albasa da tumatir ba ne. Akan haƙa tafki a tsakiya, a tara ƙasar da aka haƙo ta zama tuddai, a jera duwatsu, a dasa itatuwa, sa'an nan a ja wata 'yar hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe ta kewaye tafkin. Da gangan aka tsara hanyar domin kada mutum ya ga kome da kome a kallo ɗaya. Kurmin gora zai tare masa ido, ya yi taku ashirin, sai ga gada da tsibiri sun bayyana. Mai gaggawa ba ya samun kome a irin wannan wuri.

Fadamar shinkafa a lambun hakimi

Bari mu fara da Koishikawa Korakuyen, wanda aka soma ginawa a 1629. Tokugawa Yorifusa, hakimin Mito, shi ya fara shi, ɗansa Mitsukuni ya ƙarasa, da shawarar wani malami da ya yi gudun hijira daga ƙasar Sin. Ma'anar sunan Korakuyen ita ce lambun jin daɗi daga baya. An sa masa sunan domin ya riƙa tuna wa mai mulki cewa hutawarsa ita ce ta ƙarshe, bayan talakawansa sun sami tasu.

A ciki akwai wata gadar dutse mai siffar rabin zobe. In ruwa ya kwanta, inuwarta takan cika sauran rabin, sai mutum ya ga kamar farin wata ran sha huɗu. Amma abin da ya fi jan hankalinmu, mu malaman makaranta, shi ne wata 'yar fadamar shinkafa a gefen lambun. An ce Mitsukuni ne ya sa aka yi ta domin matar magajinsa, wadda ta girma a gidan sarauta, ta ga irin wahalar da manomi yake sha kafin shinkafa ta kai akushi. Har yanzu ana noman fadamar. Yaran makarantar firamare na unguwar sukan zo cikin watan Mayu su shiga taɓo su dasa, su komo cikin Satumba su girbe. A bayan katangar kuwa ga wani ƙaton filin wasa mai rufi, da dogayen benaye, da motoci suna ta wucewa.

Lambun waƙoƙi da lambun bakin teku

Daga nan sai mu shiga jirgin ƙasa zuwa Rikugiyen. Wani bafade, Yanagisawa Yoshiyasu, ya karɓi filin daga hannun Shogun a 1695, ya yi shekara bakwai yana aikinsa, ya gama a 1702. Girmansa ya kusa hekta 9, wato kamar filin ƙwallon ƙafa goma sha biyu. Mutumin masanin waƙa ne, saboda haka ya zaɓi wurare 88 da tsofaffin mawaƙa suka yaba, ya yi kwatancin kowannensu a taƙaice cikin lambun, da ɗan ginshiƙin dutse mai nuna sunansa. Ginshiƙai 32 ne suka rage yanzu. A 1878 Iwasaki Yataro, wanda ya kafa kamfanin Mitsubishi, ya sayi wurin ya gyara shi, iyalinsa kuma suka ba birnin kyauta a 1938. A ƙarshen Maris wani babban itacen sakura da yake bakin ƙofa yakan rufe da fure, rassansa suna zubowa ƙasa kamar ruwa. A ƙarshen Nuwamba kuma ganyayen itatuwan sukan juye su zama ja wur da rawaya kafin su kaɗe.

Na uku shi ne Hamarikyu, a bakin teku, mai faɗin hekta 25. An soma cike gaɓar da ƙasa a 1654. Ruwan tafkinsa na gishiri ne, yana shigowa daga teku ta wata ƙofar ruwa da akan buɗe a rufe, domin haka tafkin yakan cika ya ragu yadda teku take yi, kifayen teku kuma suna yawo a ciki. Yara za su so su ji cewa a nan aka ajiye wata giwa da aka kawo daga Biyetnam. An sauke ta a Nagasaki, ta tako da ƙafa har Edo a 1729, jama'a suna ta fitowa kallo a hanya. A tsakiyar tafkin akwai ɗakin shan shayi. Mai shiga yakan tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, a kawo masa koren shayi na gari wanda aka burga da ɗan maburgin gora, mai ɗaci kaɗan, tare da 'yar alewar wake.

Aikin da ba ya ƙarewa

Kusa da ƙofar Hamarikyu akwai wani itacen matsu wanda aka dasa a 1709. Matsu itace ne mai ganye kamar allura, wanda ba ya kaɗewa rani da damina. Rassan wannan sun miƙe a kwance har sai da aka tokare su da sanduna masu yawa, kamar tsoho mai dogarawa. Ya ga girgizar ƙasa, ya ga yaƙi, gine-ginen lambun sun ƙone sun bar shi a tsaye.

Kada mu zaci itacen ya kai haka don kansa. Sau biyu a shekara masu lambu sukan hau tsani su bi matsu reshe reshe. Cikin bazara su karye sababbin tofo da yatsa domin kada reshen ya zarce. Cikin kaka su tsige tsofaffin allurai da hannu domin rana da iska su ratsa. Babban itace ɗaya yakan ci wa mutum kwanaki. Gab da sanyi akan ɗaura wa kututturen tabarmar bambaron shinkafa, dabarar mutanen dā ce, domin tsutsotsi su shige ciki neman ɗumi, in sanyi ya wuce a kwance a ƙone. Akan kuma kafa doguwar sanda a jikin itace, a sauko da igiyoyi daga kanta kamar laima a ɗaure rassa, domin nauyin ƙanƙara kada ya karya su. Wanda ya dasa itacen bai ga girmansa ba. Masu gyaransa yau kuma suna yi wa waɗanda ba a haifa ba tukuna aiki.

Babban gidan ajiya na Uweno

Yanzu mu nufi Uweno, inda gidajen ajiya suka taru wuri ɗaya cikin wani babban filin shaƙatawa da aka buɗe a 1873. Mafi girma shi ne Gidan Kayan Tarihi na Ƙasa na Tokiyo, wanda ya samo asali a 1872, shi ne kuwa mafi tsufa a Japan. Girgizar 1923 ta lalata babban gininsa na fari, aka buɗe na yanzu a 1938. Kayan da yake riƙe da su sun kai wajen 120,000, amma 'yan dubbai kaɗan ne ake nunawa a lokaci guda.

Ga dalili. Masu zanen Japan a kan takarda da siliki suke aiki, haske kuwa yana cin launi, yana sa takarda ta yi rauni. Saboda haka akan fito da zane na 'yan makonni, sa'an nan a naɗe shi a mai da shi cikin akwatin katako ya huta, wani ya ɗauki wurinsa. Akwai wani sanannen zane na itatuwan matsu cikin hazo, wanda Hasegawa Tohaku ya yi wajen ƙarshen ƙarni na 16, a kan bangon takarda mai ninkewa guda biyu, kowanne da fuska shida. Da baƙar tawada kaɗai ya yi shi, ya bar yawancin takardar fara fat, mai kallo kuwa yana ganin hazo a wurin da ba a zana kome ba. An saba fito da shi a farkon Janairu na mako biyu ko kusa da haka, mutane kuwa sukan yi layi domin su gan shi.

A waɗansu ɗakuna akwai takuba masu ƙyalli kamar jiya aka ƙera su, alhali waɗansunsu sun kusa shekara dubu. Akwai rigunan siliki, da sulken mayaƙa, da mutum-mutumin yumɓu na dawakai da sojoji waɗanda akan jera a kan kaburburan sarakuna shekara 1,500 da suka wuce. Wanda ya taɓa ganin kawunan yumɓu na Nok a gidan kayan tarihi na Jos zai tsaya gaban waɗannan da ido na sani.

Japan ma sai da ta yi hasara kafin ta farka. A Janairu 1949 wuta ta lalata zanen bango na haikalin Horyuji, wanda ya fi shekara 1,200. Abin ya girgiza ƙasar, har a 1950 aka kafa dokar kiyaye kayan gado. Dokar ta kai har ga mutane. Tun 1955 gwamnati takan zaɓi gwanayen maƙera da masaƙa da marina da magina tukwane, ta ba su taimakon kuɗi domin su koya wa matasa, gama in gwani ya mutu bai bar almajiri ba, sana'ar ta bi shi kabari.

Abin da ya shafe mu a can

Cikin kayan gidan nan akwai waɗansu da za su taɓa zuciyar kowane mai bi. Bishara ta isa Japan a 1549 ta hannun Firansis Zabiya, mutane dubbai suka karɓa. Amma masu mulki suka ji tsoro kada baƙi su bi ta wannan hanya su ƙwace ƙasar. A 1597 aka gicciye Kirista 26 a Nagasaki, a 1614 kuma aka hana addinin a ƙasar duka. Domin a gane masu bi, sai hukuma ta riƙa ajiye siffar Yesu ko ta Maryamu a ƙasa, a ce kowa ya taka. Wanda ya ƙi, an san ko shi wane ne. A 1669 aka zuba irin waɗannan faranti 20 da farin tagulla, 19 daga ciki suna wannan gida yau, fuskokin da suke kansu sun sha shafa.

Waɗansu iyalai suka riƙe bangaskiyarsu a ɓoye fiye da shekara 200, ba fasto, ba majami'a, iyaye suna koya wa 'ya'yansu addu'a da baki, suna yi musu baftisma a asirce. A 1865 waɗansunsu suka bayyana kansu ga wani firist Bafaranshe a Nagasaki. Tsanani ya sāke tashi, aka kwashe fiye da mutum 3,000 aka warwatsa su a ƙasar, har 1873 da aka cire allunan hani. Gicciye da carbi da 'yan siffofin da aka ƙwace daga hannunsu, waɗanda hukuma ta ajiye a matsayin shaidar laifi, su ne gidan yake adanawa yanzu a cikin kayan gado masu daraja, yana fito da su lokaci lokaci.

Zanen Turai da igiyar ruwan Hokusai

Tafiyar 'yan mintoci kaɗan daga nan akwai Gidan Zanen Ƙasashen Yamma. Wani attajiri mai kamfanin ƙera jiragen ruwa, Matsukata Kojiro, ya sayi zane masu yawa a Turai tun daga 1916, yana so matasan ƙasarsa su ga aikin Turawa da idonsu. Kasuwa ta juya masa baya a 1927. Abin da ya ajiye a Landan ya ƙone cikin gobara a 1939, abin da yake Faris kuma gwamnatin Faransa ta riƙe shi saboda yaƙi. A 1959 Faransa ta mayar da guda wajen 370, bisa sharaɗin a gina musu gida na musamman. Wani shahararren mai tsara gini, Le Korbusiye, ya zana gidan. Daga baya aka ɗora ginin a kan matasai na roba da ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, domin in ƙasa ta girgiza ya yi lilo a hankali.

A ƙetaren kogin Sumida kuma akwai gidan da aka buɗe a 2016 don tunawa da Hokusai, wanda aka haifa a unguwar a 1760, ya rasu a 1849. Yana da shekara wajen 70 ya yi zanen da ya fi duka suna: wata ƙatuwar igiyar ruwa ta miƙe za ta rufe jiragen masunta uku, dutsen Fuji, mai tsawon mita 3,776, ya zama ɗan tsiri can nesa. Mutum ɗaya bai isa ya fitar da irin wannan zane ba. Mai zane ya zana, masassaƙi ya sassaƙa shi a kan allunan katako, kusan kowane launi da allonsa, mai bugu kuma ya shafa launi ya danna takarda a kan allunan ɗaya bayan ɗaya ba tare da layi ya kauce ba. Ana buga ɗaruruwa, talaka ma yana iya saya. Tun 2024 zanen nan yana bayan takardar kuɗin Japan ta yen 1,000.

Inda zane da lambu suka sadu

Za mu ƙarasa a gidan Nezu, wanda aka buɗe a 1941 da kayan da wani attajirin jirgin ƙasa ya tara. Wutar 1945 ta ci gine-ginen, amma an riga an kwashe kayan zuwa bayan gari. A nan ake ajiye zanen furannin ruwa masu launin shuɗi a kan zinariya, aikin Ogata Korin, wanda ya rasu a 1716. Sau ɗaya a shekara ake fito da shi, daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, daidai lokacin da irin furannin suke buɗewa a tafkin lambun da yake bayan gidan. Mutum ya dubi na zane, ya fita ƙofa ya gangara ya dubi na ruwa, ya komo ya sāke duban na zane.

In Allah ya kai waninmu Tokiyo, ya sani manyan gidajen nan sukan rufe ran Litinin, kuɗin shiga lambunan kaɗan ne, yaran firamare kuwa ba su biya. Kada ya ce zai gama su duka rana ɗaya. Gida ɗaya da safe, lambu ɗaya da yamma, ya isa.

Yawancinmu dai ba za mu je ba. Amma wata al'ada da muka gani a wannan zagaye ba ta bukatar kuɗin jirgi. A hutun makaranta mai zuwa, iyaye su kai yara gidan kayan tarihi mafi kusa, ko na Jos, ko Gidan Makama a Kano. A bar kowane yaro ya zaɓi abu guda, ya tsaya gabansa minti biyar, ya zana shi a littafinsa, ya tambaya wa ya yi shi, da me, don me. In an komo gida a duba ƙarƙashin gado da cikin rumbu. Watakila akwai ƙwaryar da kaka ta yi wa zane, ko zanen saƙi na aurenta, ko fartanyar da wani maƙeri ya ƙera wanda ba wanda ya gaji maƙerarsa. A tambayi tsofaffi labarin kowanne tun suna da rai, a rubuta a takarda, a ajiye tare da kayan inda gara da ruwa ba za su kai ba.